Rumfar haihuwar shanu da aka gina mini a Zariya: sharhi kan aikin da masu yinsa

Saniyar Bunaji ta saba haihuwa a gindin bishiya ko a gefen garke, ta miƙe ta lashe ɗanta ba tare da kowa ya sa mata hannu ba, kuma shi ya sa makiyayan da suka gaji kiwo suke ganin gina wa saniya ɗakin haihuwa ɓarnar kuɗi ce. Lamarin yana sauyawa da zarar mutum ya shigar da jinin Firisiyan, wato shanun madara na Turai, cikin garkensa, irin gaurayen da Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika, wato NAPRI, ta daɗe tana aiki a kansa, domin waɗannan shanu sun fi ba da madara amma ba su kai Bunaji jure zafi da kaska ba, kuma maraƙinsu yakan fi girma a ciki, musamman idan ƙaramar karsana ce aka yi wa barbara da irin babban sa. Wannan buƙata ce ta sa wasu matasa a Zariya suka mayar da gina rumfunan dabbobi sana'a. Ɗaya daga cikin irin waɗannan ƙananan kamfanoni ne ya yi mini rumfar haihuwa a gonata da ke wajen Basawa, kuma na bari sai da ginin ya ga damina ya ga hunturu kafin na rubuta abin da na gani. Su uku ne ke riƙe da aikin: injiniya wanda ya karanta fannin noma, da mai walda, da birkila, sai leburorin da suke ɗauka gwargwadon aiki. Ba zan ambaci sunansu ba, tun da zan faɗi inda suka gaza.

Abin da ya fi daraja a hidimarsu ya faru ne kafin a sauke buhun siminti ko ɗaya. Injiniyan bai fara da awon fili ba, sai ya nemi littafin da muke rubuta ranakun barbara, ya zauna ya lissafa lokacin haihuwar kowace saniya bisa cewa cikin saniya yana ɗaukar kimanin kwana 280 zuwa 290, sannan ya duba nawa ne haihuwarsu za ta iya haɗuwa a cikin mako biyu. Daga nan ya fitar da adadin ɗakuna: uku a jere, da na huɗu a ware can gefe don wadda ta yi ɓari ko take da alamar cuta. Sauran maginan da na yi magana da su rumfa ɗaya doguwa suke kawo shawara, a zuba masu ciki duka a ciki, wanda ya fi araha amma yana nufin maraƙin da aka haifa yau zai kwanta a kan ƙazantar saniyar da ke jiran haihuwa tun makon jiya, kuma wata saniyar tana iya janye shi ta hana shi kama nonon uwarsa. Kowane ɗaki ya yi shi mita 4 tsawo, mita 4 faɗi. Da farko ɗakin yana yi wa ido girma a kan saniya ɗaya, sai ranar da ta kwanta a miƙe, mutum biyu suka durƙusa a bayanta, a lokacin ne ake gane cewa ba a bar ko taƙi na banza ba.

Wajen zaɓen wuri kuwa, makiyayina injiniyan ya tambaya, ba ni ba. Na ji shi yana cewa, "Baffa, ina ruwa yake kwanciya idan aka yi na Agusta, kuma ta ina hadari yake bugo garken nan?" Dattijon ya zaga da shi ya nuna masa, aka bar filin da ya fi kusa da ƙofar gona saboda yana riƙe ruwa, aka koma kan ɗan tudun da ke kusa da ɗakin makiyayin, inda zai iya jin nishin saniya da dare ba sai ya fito da fitila yana leƙe ba. Na daraja wannan hali, domin da yawa daga masu takardar shaida ba sa ɗaukar makiyayi a matsayin wanda za a koyi wani abu a wurinsa.

Tsawon rumfar ya bi gabas zuwa yamma, don rana ta bi ta kan rufin, kada ta faɗa cikin ɗakunan da hantsi ko da la'asar. Bangon gabas ya kai shi har sama, saboda a ƙasar nan daga gabas hadari yake tasowa da iska mai ƙarfi, musamman ruwan farko na Afrilu da Mayu da kuma na ƙarshen damina. Bangon arewa ya tsaya a kafaɗar mutum, aka bar samansa a buɗe da ƙugiyoyin rataya zana ko tamfol idan iskar hunturu ta kankama daga Disamba zuwa Fabrairu, kudu kuma ƙarafuna ne kawai ba bango. Rufin kwano ne, bakinsa ya ɗaga sama da mita 3 daga ƙasa, an bar tsaga a ƙoli da ɗan rufi a kanta don zafi ya riƙa fita, kuma kwanon ya zarce bango da kusan mita ɗaya. A watan Maris, lokacin da zafin Zariya yake tsananta, na shiga da tsakar rana na tarar da iska tana ratsawa, babu warin fitsarin nan mai yaji da ke cika rufaffen ɗaki ya jawo wa maruƙa tari da ciwon huhu. Mutane sukan ɗauka sanyi ne babban abokin gaban jaririn maraƙi, sai su toshe ko'ina, alhali jiƙaƙƙen wuri da iskar da ba ta motsi sun fi kashe su. Maraƙin da jikinsa ya bushe, yana kwance a busasshiyar shimfiɗa, iska ba ta bugunsa kai tsaye, yana jure sanyin Zariya lafiya lau.

Daɓen ƙasa shi ne wurin da muka fi daɗewa muna muhawara, kuma shi ne nake ganin ya kamata duk mai niyyar irin wannan gini ya fi zuba wa ido. Hanya biyu ce a gabanmu. Ta farko a daɓe da marmara a zuba yashi, wanda yake da taushi ga gwiwar saniya kuma ƙafarta ba ta zamewa, amma ba ya wankuwa: ruwan haihuwa da jini suna nutsewa a cikinsa, sai dai a riƙa kwashe saman ana sake sabo. Ta biyu siminti, wanda ake wankewa tas a fesa magani, amma idan aka goge shi ya yi santsi yana iya zama ajalin saniya, domin wadda ta sha wahalar naƙuda ƙafafunta na baya ba su da ƙarfi, idan ta yunƙura za ta tashi suka tale, ƙugu yana iya gocewa ko tsoka ta yage, kuma saniyar da ta kasa tashi kwana biyu zuwa uku yawanci a hannun mahauta take ƙarewa. Injiniyan ya zaɓi siminti, amma ya hana birkila shafe shi da cokali. Tun yana ɗanye aka ja tsintsiya mai kauri a kansa, sannan aka tsaga masa layuka marasa zurfi, aka ba shi gangare na kimanin santimita 2 a kowace mita zuwa waje. An ɗaga daɓen sama da ƙasar gona da kusan santimita 30. Abin da ya fi burge ni shi ne kowane ɗaki ruwansa yana fita ta bayansa ya faɗa magudanar waje, ba ya bi ta ɗakin maƙwabta, don haka abin da ya fito daga jikin wata saniya ba ya ratsa inda maraƙin wata yake kwance. Ya kuma faɗa mini tun farko, ba tare da ɓoye-ɓoye ba, cewa siminti ba shimfiɗa ba ne, sai an tara masa tattakar shinkafa ko busasshiyar ciyawa mai kauri, har idan mutum ya durƙusa gwiwarsa ba za ta ji tauri ko danshi ba. Buntun shinkafa da garin katako suna shan ruwa da kyau a ƙasa, amma suna manne wa jiƙaƙƙen maraƙi a hanci da cibiya, shi ya sa muke zuba su a ƙarƙashi mu rufe da ciyawa. Wanda ba zai iya tanadin shimfiɗa tun kaka ba, lokacin da tattaka take da araha a fadamun Galma, gara ya yi daɓen marmara.

Sai makamin kai, wato ƙarfen da ke riƙe wuyan saniya a kusurwar ɗaki, tare da ƙofa mai lilo da ake turowa a matse ta a jikin bango. Wannan ne ya bambanta rumfar haihuwa da rumfar inuwa. Zanen da suka zo da shi na shanun ƙasashen waje ne, waɗanda ba su da ƙaho ko an cire musu tun suna ƙanana, kuma saniyar farko da muka gwada, Bunaji mai buɗaɗɗen ƙaho, ta kasa shigar da kanta. Mai waldan bai yi gardama ba. Ya auna faɗin ƙahon manyan shanun garken, ya yanke saman ƙarfen ya buɗe shi, ya bar tazara don tozo, ya mayar da abin yadda saniya za ta shigar da kai daga sama a rufe daga gefe. Ƙarafunan da ke riƙe wuyan a miƙe suke har ƙasa, ba su tsuke ba, saboda idan saniya ta zube a tsakiyar naƙuda kada ta shaƙe, kuma ana iya sakinta da bugu ɗaya. An sa makamin yadda gefen hagu na saniya zai kasance a buɗe, domin ta nan likitan dabbobi yake yanka idan ta kai ga fiɗa, sannan ƙasan ƙofar yana buɗewa shi kaɗai, a kai ga hantsa ba tare da an sha harbi ba.

Na ga amfanin wannan da idona a kan wata karsana mai haihuwar fari, cikin dare a watan Janairu. Faya ta fashe, ƙafa ɗaya ta leƙo da hanci, ɗayar ba ta fito ba, ta yi ta yunƙuri sama da awa ɗaya babu ci gaba. Daidaitacciyar fitowa ita ce ƙafafun gaba biyu, kofato yana kallon ƙasa, hanci a kansu, don haka mun san ƙafa ce ta lanƙwashe a ciki. A da, sai an tara mutum huɗu da igiya a kayar da ita a cikin ƙura. A wannan dare makiyayi da ɗansa ne suka tura ta kusurwa suka rufe, aka wanke bayanta da sabulu da ruwan ɗumi, likitan da muka kira ya sa doguwar safar hannu, ya mayar da kan maraƙin baya kaɗan, ya tallafi kofaton a tafin hannunsa don kada ya yaga mahaifa, ya miƙe ƙafar. Da aka ɗaura igiya, sai a ja lokacin da take nishi, a tsaya idan ta tsaya. Maraƙin ya fito da rai. Ita kuwa ta ƙi shi da farko, kamar yadda karsana takan yi, sai aka bar ta a makamin, aka buɗe ƙasan ƙofa, aka tatsi dakashi, wato nonon farko, aka ba shi a kwalba tun bai cika awa biyu ba.

Batun dakashi ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne dalilin rabin tsarin ɗakin. Maraƙi yana zuwa duniya ba shi da garkuwar jiki, saboda mahaifar saniya ba ta barin sinadaran kariya su ratsa zuwa gare shi yana ciki. Daga nonon farko yake samunsu, kuma hanjinsa yana iya shanye su ne a sa'o'in farko kawai: ƙarfin shanyewar yana raguwa sosai bayan awa 6, kuma kusan ya ƙare bayan awa 24. Abin da ake so ya sha ya kai kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, wato maraƙi mai kilo 25 yana buƙatar kimanin lita 2 da rabi. A buɗaɗɗen garke da dare babu wanda zai iya rantsuwa cewa maraƙi ya sha. A ɗaki mai haske da makamin kai, ana gani, kuma idan bai sha ba ana da yadda za a yi.

Ruwa da wuta sun yi su daidai gwargwado: tanki a kan ƙarfe da ke karɓa daga rijiyar burtsatse, famfo a bakin rumfa, da fitilun sola, ɗaya a saman bayan saniya a kowane ɗaki, ba a tsakiyar rufi ba inda inuwar mutum za ta rufe abin da yake son gani. Sun kuma haɗa akwatin kayan aiki da aka rataye a bango, mai ɗauke da igiyoyi masu laushi, da safar hannu, da man santsi, da aidin na tsoma cibiya, da kwalbar shayarwa, da ma'aunin zafin jiki. Sun so su sayar mini da jak ɗin jan maraƙi, na ƙi, kuma ina ganin bai dace su riƙa tallarsa ga kowa ba, domin ƙarfinsa ya ninka na hannun mutane, a hannun wanda bai koya ba yana karya maraƙi ya yaga uwa. Idan mutum biyu sun ja bai fito ba, abin da ya rage shi ne a kira likita, kuma mu a Zariya muna da Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a kusa da mu, abin da makiyayan wurare da dama ba su da shi.

Ɗakin warewa da ramin binne mabiyiya su ma ina yaba musu a kai. Cutar bakkale tana sa saniya ɓari a watannin ƙarshe na ciki, ƙwayar cutar tana cika mabiyiya da ruwan haihuwa, tana kama sauran shanu idan suka lasa, tana kuma kama mutum ta hanyar taɓawa da hannu tsirara ko shan madarar da ba a dafa ba. Barin kare ya ja mabiyiya ya zaga gona da ita hanya ce ta raba cutar ga garke duka. Ramin da suka haƙa yana da murfin ƙarfe, yana nesa da rijiya, kuma yana ƙasa da ita ta wajen gangare.

Inda suka gaza ba ƙarami ba ne. Kwamin ruwan da suka gina a cikin ɗakunan ya yi ƙasa kuma ya yi zurfi, ga shi ba shi da mafita a gindi, don haka maraƙin da ke koyon tsayuwa yana iya faɗawa ciki da ka, wankinsa kuma sai an kwashe da kwano. Mun daina amfani da shi, muka koma bokitin da ake ratayewa. Hanyar da ke gaban ɗakunan birkila ya shafe ta sumul a ranar da injiniyan ba ya nan, wato kuskuren da aka kauce masa a ciki aka yi shi a waje, sai da aka sassaƙe ta daga baya. Sakatun ƙofofin na gidan mutane ne, siriri, saniya ta soshe jikinta sau kaɗan suka lanƙwashe. Ƙarafunan an shafa musu fenti hannu ɗaya, kuma gindinsu, inda fitsari yake taruwa, ya fara tsatsa kafin damina ta fita, alhali da an ɗora kowane a kan ɗan tudun siminti da ba a kai ga haka ba. Aikin ya wuce wa'adin da muka yi da nisa saboda suna riƙe da wani aikin a lokaci guda ba su faɗa ba, har wata saniya ta haihu a tsohon garke ana tsakiyar rufi. Sannan ba su bar mini zane ko takardar bayani ba, duk abin da ya kamata makiyayi ya sani game da wanki da sauya shimfiɗa da baki aka faɗa. Da na yi ƙorafi sun dawo sun gyara sakatu da hanya ba tare da ƙarin kuɗi ba, amma kwamin sun ce sai dai in biya a rushe, ban ga adalcin hakan ba tun da tsarinsu ne.

Ta fuskar kuɗi, kwano da ƙarfe ne suka cinye kaso mafi girma, kuma farashinsu a kasuwar Sabon Gari ya motsa tsakanin ranar da aka yi lissafi da ranar da aka saya, don haka ya fi kyau mutum ya sayi kayan da kansa a lokaci ɗaya, ya biya su ladan tsari da na aiki daban. Ladan nasu ya fi na birkilan unguwa, amma birkilan unguwa ba zai tambayi littafin barbara ba, ba zai kuma san dalilin barin gefen hagu a buɗe ba. Mai shanun madara gauraye, wanda haihuwa ba ta yanke masa a shekara, ko wanda ake yi wa shanunsa barbarar allura a lokaci ɗaya, zai ci ribar wannan gini, domin karsana ɗaya da aka ceta da ɗanta ta rage babban kaso na abin da aka kashe. Mai Bunaji biyar ko shida ba ya buƙatar duk wannan: rumfar zana a kan tudu, daɓen marmara, busasshiyar ciyawa, fitila, aidin, da makamin kai guda ɗaya sun ishe shi, kuma waɗannan matasa suna karɓar aikin makamin shi kaɗai. Wanda zai ba su cikakken aiki ya sa a rubuta wa'adi da abin da zai biyo baya idan an saɓa, ya riƙe kason ƙarshe na kuɗin har sai an zuba ruwa a kowane ɗaki an ga inda ya bi, ya nemi zanen a hannunsa, kuma ya sharɗanta cewa ba za a zuba siminti a ko'ina ba sai injiniyan yana tsaye a wurin.